Jerin "filaye ɗari mafi kyau" ya yaudare ni: ku yaya kuke zaɓen filin golf idan kun yi tafiya?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da ƙorafi, na kuma zo da tambaya. Shekarata huɗu da fara golf, handikaf ɗina 22 (lambar da ke nuna matsayin ɗan wasa, gwani ne ke da ƙarama), ba gwani ba ne amma na daina ba kaina kunya. Bara na yi tafiyar aiki, na ware yini guda sukutum don in buga wani fili da na gani a sama-sama cikin jerin da mujallu ke fitarwa. Ba zan kama suna ba. Na biya kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsa ba, na yi sammako, sai na tarar an huhhuda girin duka sha takwas, wato shimfiɗar lallausar ciyawar da ramin yake ciki, an bi su da yashi. Ka tura ƙwallo ta riƙa tsalle kamar fara. Ga shi na biye wa wasu samari na buga daga wurin bugun farko na can baya, inda fili ya fi tsawo, na zubar da ƙwallo tara, muka share awa biyar da rabi. Na fito ina tambayar kaina, wai wannan ne filin da ake ta kambamawa?
Bana ina da hutun kwana shida, zuciyata tana Sikotilan. Me zan duba kafin in biya? Ko dai jerin nan duk zuƙi ta malle ce?

Dattijon Fili:
Wa alaikumus salam, ɗana. Jerin bai yi maka ƙarya ba, tambayar da ya amsa ce ba taka ba. Masu jerin suna tambaya ne: wane fili ya fi gini, ya fi gwada gwani? Kai kuma tambayarka ita ce: a ranar kaza, da irin buguna, ina zan ji daɗi? Tun asali ma haka abin yake. Jerin farko da mujallar Golf Digest ta fitar a 1966 na filaye 200 ne mafiya wahala a Amurka. Wahala aka fara aunawa, kyau daga baya ya shigo, kuma har yau warin wancan ma'aunin bai gama fita ba.
Sannan ka duba sunayen da ke saman jerin. Pine Valley a New Jersey, Cypress Point a Kalifoniya, Augusta National a Jojiya. Duk ukun na 'yan ƙungiya ne, in ba memba ya gayyace ka ba ko bakin ƙofa ba za ka wuce ba. To me matafiyi zai yi da lambarsu? Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Mai Tara Suna:
Baba, a yi min afuwa, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Idan mutum ya tsallake teku, ya sha wahalar jan jakar sanduna a filayen jirgi, ai ba don ya buga filin da babu wanda ya taɓa jin sunansa ba ne. Ni dai ranar da na tsaya a rami na 7 na Pebble Beach, ɗan ramin nan da bai fi yadi ɗari da 'yan kai ba, teku na dukan duwatsu a ƙasa, sai da tsigar jikina ta tashi. Filin da Tiger Woods ya ci gasar US Open ta 2000 da ratar bugu 15! Na buga 101 a ranar, kuma ban yi nadama ko ta ƙwayar zarra ba. Suna yana da daɗinsa.

Dattijon Fili:
Ai Pebble Beach ba ya cikin waɗanda nake nufi, tun da aka buɗe shi a 1919 na mai iya biya ne. Amma tsakaninka da Allah, rami nawa kake tunawa cikin sha takwas? Na bakin teku. Waɗanda suka shige cikin tudu fa?

Mai Tara Suna:
Baba, kada a tone-tone.

Malam Lissafi:
Bari in shigo ta inda na fi ƙarfi. Sabon Shiga, ƙanina, ƙwallo taran nan ba filin ne ya cinye su ba, wurin bugun farkon da ka zaɓa ne. A katin kowane fili akwai lambobi biyu a gefen kowane launi na wurin bugu, mutane ba sa kallonsu.
Ta farko ita ce ƙimar fili, kamar 73.5. Ita ke nuna bugu nawa ake sa ran gwani mai handikaf sifili zai yi. Ta biyu silof, tana kamawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ce tsaka-tsaki. Mutane suna ɗauka silof ma'aunin wahala ne kawai. A'a. Tana nuna yadda wahalar ke ninkuwa a kan ɗan wasa irinmu idan aka kwatanta da gwani. Kududdufin da ke yadi 170 daga wurin bugu, gwani ko ganinsa ba ya yi, ƙwallonsa ta wuce ta sama. Ni da kai kuwa nan ne maƙabartarmu. Irin wannan ke ɗaga silof.
A tsarin handikaf na duniya da aka haɗa wuri ɗaya a 2020, ga yadda lissafin yake: ka ninka handikaf ɗinka da silof, ka raba da 113, sannan ka ƙara ratar da ke tsakanin ƙimar fili da ƙayyadadden bugun filin, wato adadin bugun da aka tsara a gama filin da shi. Kai mai 22, a wuri mai silof 140, ƙima 73.5, ƙayyadadden bugu 72: 22 sau 140 a raba 113 ya ba da 27 da ɗan ɗori, a ƙara 1.5, ka kai 29. Wato ko ka yi wasanka mai kyau, 101 za ka rubuta. Ka matsa gaba zuwa inda silof ɗin yake 125, ƙima 70, lissafin ya dawo 22, ka rubuta 94. Fili ɗaya, rana ɗaya, ratar bugu bakwai tun ba ka zare sanda ba.
Kar kuma ka manta, handikaf ɗin kansa daga mafi kyawun wasanni 8 cikin 20 na ƙarshe ake fitar da shi. Hoton ranar da ka tashi da ƙafar dama ne. A baƙon fili, da gajiyar jirgi a jiki, ba wannan mutumin ne zai buga ba.

Sabon Shiga:
Malam, wallahi ban taɓa kallon lambobin nan ba. Ni launi kawai nake bi. To a taƙaice tsawon fili nawa ya dace da ni?

Malam Lissafi:
Akwai wata dabara da 'yan wasa ke yawo da ita, ba doka ba ce amma tana aiki: nisan da sandarka ta ƙarfe mai lamba 5 take kaiwa, ka ninka da 36. Idan yadi 160 ne, ka nemi wurin bugun da jimlarsa ke kusa da yadi 5,800. Nisan gaskiya fa, ba na ranar da iska ta taya ka ba. Launi kuwa kada ka amince masa, farin wani filin shi ne shuɗin wani.

Hajiya Mai Sanda Bakwai:
Na ji daɗi da Malam ya taɓo wannan, don mu mata nan ne ake cutarmu. Jerin nan kusan duk daga wuraren bugu na baya ake kallon fili. Sai ki je filin da aka ba taurari biyar, ki tarar na gaban an jefa shi ne a wani lungu, a karkace, ko kuma jimlarsa ta kusa yadi 6,000, abin da ga yawancinmu ya zarce hankali. Kowane rami sai kin yi bugu uku kafin ki hango girin. Wannan ba wasa ba ne, noma ne.
Ni abu uku nake tambaya kafin in biya. Shin an auna ƙimar fili da silof na mata a wurin bugun da zan yi amfani da shi, don lambobinmu daban suke da na maza ko a wuri ɗaya ne? Akwai ramukan da dole sai an tsallake ruwa ko kwazazzabo ta sama, babu hanyar zagayawa? Sannan akwai ranaku ko awannin da aka keɓe wa maza? Kada ku yi mamakin ta ukun. Augusta sai a 2012 ta karɓi mata na farko a matsayin membobi, Muirfield ta Sikotilan kuwa sai a 2017 membobinta suka kaɗa ƙuri'ar amincewa. Abubuwa sun sauya sosai, amma tambaya ba ta ɓata komai.
Shi ya sa nake son filayen bakin teku na Sikotilan. Ƙasa a tsuke take, ƙwallo tana gudu, gaban girin a buɗe. Mai gajeren bugu tana iya mirgino ta daga nesa ta isa inda mai ƙarfi ya isa ta sama.

Mai Ban Ruwa:
Salamu alaikum. Ni aikina kula da ciyawar fili ne, don haka bari in kare 'yan uwana kaɗan. Yallaɓai Sabon Shiga, hudar da ka gani ba mugunta ba ce. Girin yana shan taku da nauyin injin yanka kullum, ƙasa ta dinƙe, saiwa ta rasa iska, ruwa ya daina shiga. Sai a zo da inji a ciro 'yan ƙananan dunƙulen ƙasa, a cike gurbin da yashi. In ba a yi ba girin ɗin mutuwa zai yi. Yawanci ana yi sau ɗaya ko biyu a shekara, lokacin da ciyawa ke cikin girma don ta warke da wuri, kuma tana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ta koma daidai. Inda aka yi maka ba daidai ba shi ne karɓar cikakken kuɗi ba tare da an sanar da kai ba.
Maganin kuma ƙwaya ɗaya ne: ka buga waya. Kada ka tsaya ga shafin intanet. Ka ce, yaushe kuka huda girin na ƙarshe, yaushe za ku sake? Babu mujallar da za ta gaya maka wannan, don mai ba da maki ya zo ne wata takwas da suka wuce, ranar da aka san da zuwansa aka yi wa fili kwalliya.
Kowane yanki da nasa lokacin. A filayen hamada na Arizona, wajen watan Oktoba ake rufewa na 'yan makonni a shuka ciyawar sanyi a kan ta zafi, bayan an buɗe ma fili yana jiƙe sharkaf. A Sikotilan da hunturu filaye da yawa sai sun ba ka ɗan tabarmar roba ka riƙa ɗora ƙwallo a kai. Ostiraliya da Afirka ta Kudu kuwa lokutansu a juye suke, Disamba tsakiyar zafi ne.

Mai Tara Suna:
To Mai Ban Ruwa, tunda ga ka, amsa min wannan. Na ga hotunan wasu filayen Sikotilan da ake yabo, ciyawa duk ta bushe ta yi ja kamar an yi watsi da ita. Ina laifin kore shar irin na Augusta?

Mai Ban Ruwa:
Yaya, ba girin-girin ba, ta yi mai! Talabijin ce ta ɓata mana ido. Augusta da kake gani mako guda ne a Afrilu, bayan an shafe watanni ana shirya shi, kuma rufe filin ake yi duk tsawon lokacin zafi. Filin bakin teku kuwa a kan yashi yake, ciyawarsa siririya ce mai jure ƙishi, jan nan alamar lafiya ce, ƙasa ta yi tauri ƙwallo tana gudu. A gasar Open ta 2006 a Royal Liverpool fili ya bushe ƙamas, Tiger Woods sau ɗaya tak ya zaro babbar sandarsa ta bugun nesa a kwana huɗu, kuma shi ya ɗauki kofin.
Haka ma saurin girin. Akwai ɗan ƙarfen da ake gangaro ƙwallo a kai a auna ƙafa nawa ta yi, wani Edward Stimpson ya ƙirƙiro shi a 1935. Yanzu kowa na alfahari da 12 ko 13. Amma a bakin teku da gangan ake barinsa wajen 10, saboda iska. A gasar Open ta 2015 a St Andrews sai da aka tsayar da wasa ranar Asabar don iska na ture ƙwallo a kan girin, gasar ta kai Litinin. Duk mai sharhin da ka ga ya rage wa irin wannan fili maki don "girin ba ya sauri", ka san bai san dawan garin ba.

Dattijon Fili:
Allah ya yi maka albarka. Wannan ya kawo mu kan sharhin jama'a, masu taurari. Na daina kallon adadin taurarin, rubutun nake karantawa, kuma na wata uku na baya kawai. Za ka ga mutum ya ba fili tauraro ɗaya don an yi ruwan sama, wani ya ba da biyar don an yi masa fara'a a wurin karɓar baƙi. Abin da nake nema: awa nawa suka yi, yaya girin yake, kuma shi mai rubutun handikaf ɗinsa nawa. In mutum uku daban-daban suka ambaci jira a kowane rami, na gaskata. Idan ka buga wayar da Mai Ban Ruwa ya ce, ka ƙara da tambayar minti nawa suke bari tsakanin rukuni da rukuni. Masu sakin mutane kowane minti 8 cunkoso suke sayarwa, masu 10 ko 12 sun san darajar baƙo.
In kuma dole sai ka riƙe ma'aunin wani, na Tom Doak, mai zana filaye, ya fi kusa da buƙatar matafiyi. Daga 0 zuwa 10 ne, amma 3 ita ce matsakaicin fili a duniya, ba 5 ba. Hikimarsa ita ce da tafiya yake aunawa: mai 5 ka buga in kana kusa, mai 7 ya cancanci ka karkata in kana cikin mil ɗari, mai 8 ya isa a yi tafiya takanas dominsa. Ka ga wannan ya san akwai kuɗin jirgi a cikin maganar.

Malam Lissafi:
Baba, amma shi ma ra'ayin mai zane ne, mai son tsofaffin filaye. Wanda ke son ƙaramar motar zagaya fili da tafki da furanni ba zai samu kansa a ciki ba.

Dattijon Fili:
Gaskiya ne. Amma na gwammace ra'ayin mutum ɗaya da na san inda ya karkata, a kan matsakaicin makin mutum ɗari da ban san ko ɗaya ba. Shi in ya ce 6 na san yadda zan fassara.

Hajiya Mai Sanda Bakwai:
Maganar ƙaramar mota da Malam ya yi ba ƙarama ba ce fa. Rami sha takwas a ƙafa ya kai kilomita takwas zuwa goma. Bandon Dunes a Oregon da Bethpage Black a New York duk a ƙafa ake bin su, haka mafi yawan tsofaffin filayen Sikotilan, sai mai takardar likita ake ba mota. Mai ciwon gwiwa ya tambaya tun yana gida. Shi Bethpage Black ma allo suka kafa a bakin ramin farko suna gargaɗin cewa fili ne mai tsananin wuya, na ƙwararru ne. Kuma saboda allon nan mutane ke kwana a mota don su samu layi. Ɗan Adam kenan!

Mai Tara Suna:
Hajiya, ni kike wa habaici, na gane. Hoto na ɗauka da allon, ban musa ba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, na cika shafi biyu. To a kawo ni gida: kwana shida a Sikotilan. St Andrews dole ne ko?

Dattijon Fili:
Tsohon filin St Andrews shi ne inda ni da Mai Tara Suna za mu haɗu. Yana saman kowane jeri, kuma na jama'a ne. Daga nan rami sha takwas ya samo asali, a 1764 suka rage nasu daga 22. Ga faɗi, mai 22 zai iya gamawa da ƙwallon da ya fara da ita in ya kauce wa ramukan yashi, su 112 ne, da yawansu ba ka ganinsu daga inda kake tsaye. Don haka ka ɗauki kadi, mai riƙe maka jakar sanduna yana nuna maka hanya, nan kuɗinsa halal ne. Girin bakwai na tarayya ne, rami biyu-biyu ke raba su, sai ka samu kanka kana tura ƙwallo daga nisan da ba ka taɓa yi ba.
Amma kada ka gina tafiyarka a kansa. Ana neman shaidar handikaf, iyaka 36, kai ka tsallake. Ranar Lahadi a rufe yake, mutanen gari ke yawo a kai da iyalansu. In ba ka yi rajista tun watanni ba, sai ƙuri'ar da ake fitarwa kwana biyu kafin ranar wasa, ita kuma mutum biyu zuwa huɗu ake shiga, mai zuwa shi kaɗai tsarinsa daban. Ka shiga kowace rana, in ta faɗo alhamdu lillahi. In ba ta faɗo ba, a gefensa akwai wanda suke kira Sabon Fili, wanda Tsoho Tom Morris ya zana a 1895. Sabo kenan a wurinsu. Da a wani gari yake shi kaɗai da an yi ta rububinsa, inuwar yayansa ce ta rufe shi.

Mai Tara Suna:
Sai ya ƙara da Carnoustie da Muirfield da Royal Dornoch, tafiya ta yi kyau.

Malam Lissafi:
Haba! Kashe shi za ka yi? Carnoustie da Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe a gasar Open ta 1999 da ratar bugu uku, ya buga 7, kofin ya suɓuce? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Muirfield kuma Talata da Alhamis kaɗai suke karɓar baƙi, wuraren na ƙarewa tun da wuri. Dornoch fili ne na gaske, amma can arewa yake, zuwa da dawowa zai cinye masa kusan yini biyu cikin shida. Taswira tana ruɗi, hanyoyin ba su da saurin da ido ke gani.

Hajiya Mai Sanda Bakwai:
Ni da zan tsara masa, masauki biyu kawai. Kwana uku a yankin St Andrews, uku a gabashin Edinburgh. A can ya nemi North Berwick. Rami na 13 katangar dutse ce tsaye a gaban girin, sai ka tsallake ta. Na 15 shi ne ramin da ake kira Redan, wanda masu zane suka yi ta kwaikwaya a duniya. Ban taɓa dariya a fili kamar ranar ba, kuma ban ma tuna nawa na buga ba. Ya sa babban suna ɗaya, sauran masu sauƙin kai, ya bar yini ɗaya babu komai. In a Yuni ne, gari bai yin duhu sai wajen goma na dare, zai iya ƙara rami tara da yamma in ƙafa ta yarda.

Sabon Shiga:
Na dawo da rahoto. Na bi shawarar Mai Ban Ruwa na kira filaye huɗu da safen nan. Uku lafiya lau. Na huɗun, wanda har na kusa tura kuɗin kafin alƙalami, matar da ta ɗauka ta yi ɗan shiru, ta ce bari ta tambayi mai kula da ciyawa. Ta dawo ta ce kwana biyar kafin ranata za su huda. Babu ko kalma ɗaya a kan haka a shafinsu. Na mayar da shi ranar ƙarshe ta wata tafiyar, in Allah ya kai mu. Na auna sandata mai lamba 5 kuma, Malam, yadi 150 ce, ba 170 da nake faɗa wa mutane ba.

Malam Lissafi:
5,400 kenan. Wurin bugun da ka daɗe kana wucewa kana ɗauke kai.

Mai Tara Suna:
To in ƙuri'ar St Andrews ba ta karɓar mutum ɗaya, ai ga ni. Wane mako ne a Yunin?

Sabon Shiga:
Na biyu. Amma da sharaɗi, Yaya: daga gaba za mu buga.

Mai Tara Suna:
Zan yi shawara. Kada dai a ɗauki hoto a wurin bugun.